Shin zuwa gwajin sankara ba tare da jin ciwo ba ya saɓa wa tawakkali?

Tambaya:
Ni mace ce daga Zuru, shekaruna 36. Ana kiranmu gwajin sankarar bakin mahaifa, alhali lafiyata ƙalau. Wasu na cewa tono cutar da ba ta bayyana ba rashin tawakkali ne. Mene ne gaskiya?

Amsa:
Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: ki sani, 'yar'uwa, riƙo da sababi ba ya kore tawakkali. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, kuma ya bayyana cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Na biyu: gwajin nan don masu jin lafiya aka yi shi. Mafi yawan sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana canza fatar wurin ba tare da zafi ba. Idan aka gano canjin a wannan tsakani, ana kawar da shi cikin sauƙi kafin ya zama sankara. Wadda ta jira sai jini da wari sun bayyana, sau da yawa cutar ta riga ta yi nisa. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta fara gwaji daga shekara 30, ta riƙa maimaitawa.

Na uku: buɗe al'aura don magani ya halatta gwargwadon buƙata. Ki nemi ma'aikaciya mace, gwajin mintuna kaɗan ne.

Ki fara tambaya a Babban Asibitin Zuru. Idan an ga abin da ke buƙatar ƙarin bincike, ana turawa Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Amma idan kika ga jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, ko kika ji ƙullutu a mama, kada ki jira ranar gwaji, ki je wurin likita nan da nan.

In kina da 'ya'ya mata, a Oktoba 2023 Najeriya ta fara ba 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta.

Allah ne Mafi sani.