An Gyara Lagireto, Wuta Ta Rikice: Ina Dalilin Yake?

Sau da yawa akan kai mota gareji saboda lagireto yana yoyo ko famfon ruwa ya lalace, a gyara, a biya kuɗi, amma kafin a kwana biyu sai wata sabuwar matsala ta kunno kai. Ko fanka ta ƙi juyawa, ko allurar zafi ta riƙa hawa da sauka, ko fitilar batir ta kama, ko kuma mota ta ƙi tashi da safe. Mai mota ya ce bakanike ya ɓata masa mota, bakanike kuma ya rantse bai taɓa wuta ba, ruwa kawai ya gyara. Wannan maƙala za ta nuna cewa sashen sanyaya inji da sashen lantarki a sarƙe suke da juna, don haka laifin da ya bayyana bayan gyara yawanci yana nan kusa da inda hannu ya yi aiki, kuma da awo ake gano shi.

Inda ruwa da wuta suka haɗu

Kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana fita ne a matsayin zafi ta hanyar ruwan sanyaya. Famfo yana zagaya da ruwan cikin jikin inji, tamostat yana buɗe masa hanya zuwa lagireto idan zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90 na ma'aunin Salshiyas, fanka kuma ta janyo iska ta huce shi.

To, ta yaya mota ke sanin zafin ruwan? Ta hanyar wata ƙaramar na'ura da ake kira sensa, wadda ake ɗaurawa kusa da gidan tamostat, bakinta na cikin ruwa. A cikinta akwai wani abu da turjiyarsa ga lantarki ke raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. A motoci da dama turjiyar takan kai kimanin om 2,500 a digiri 20, ta sauko zuwa wajen om 300 a digiri 80. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar inji, da wannan saƙo take yanke yawan man da za ta ba inji da lokacin da za ta kunna fanka. Ko tsofaffin motoci ba su kuɓuta daga wannan haɗi ba. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, tana da fanka mai kulocin maganaɗisu, wadda wani makunni mai jin zafin ruwa ke sa ta kama.

Ke nan duk wanda zai cire lagireto ko famfon ruwa, tilas ne ya zare soket, ya kauda wayoyi, ya sassauta bel, wani lokaci ma ya cire kan batir. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce ta kuskure.

Wuraren da laifi ya fi ɓuya

Na farko shi ne soket da aka manta ba a mayar ba, ko aka mayar bai zauna daram ba. Idan soket ɗin sensa ya rabu, ƙwaƙwalwa takan ɗauka cewa inji yana cikin matsanancin sanyi, sau da yawa har digiri 40 ƙasa da sifiri. Sai mota ta riƙa shan mai, ta yi baƙin hayaƙi, ta yi wuyar tashi idan ta ɗau zafi. A wasu motocin fanka takan yi ta juyawa ba tsayawa, domin an tsara ƙwaƙwalwa ta kare inji idan saƙo ya yanke.

Na biyu shi ne wayar komawa, wadda masu wayarin ke kira at. A mota, jikin ƙarfe shi ne hanyar da lantarki ke bi ya koma batir, kuma akwai wayoyi masu kauri da ke haɗa inji da jikin mota. A wasu motocin ana ɗaure irin wannan waya ne da notin da ke riƙe gidan tamostat ko wani ƙarfe na kusa da shi. In aka bar ta a sake, ko tsatsa ta shiga tsakani, sai alamomi masu ruɗarwa su bayyana, kamar a kunna fitila allurar zafi ta motsa.

Dokar da masanin nan na Jamus, Georg Ohm, ya wallafa a 1827 tana bayyana dalili. Dokar ta ce ƙarfin turi da ake asara a wani wuri, wanda ake aunawa da bolt, daidai yake da yawan lantarkin da ke gudana a ninka shi da turjiyar wurin. Mu ɗauka mahaɗar da ta yi tsatsa tana da turjiyar om 0.02 kacal. Fitilar da ke jan amfiya 5 za ta rasa bolt 0.1 ne kawai, don haka za ta haska lafiya lau. Amma kik mai jan amfiya 150 zai rasa bolt 3 daga cikin 12. Wannan shi ya sa za a ga fitilu na ci, rediyo na magana, amma inji ya ƙi tashi, har a je a sayi sabon batir alhali na da lafiyarsa ƙalau.

Na uku shi ne ruwan da ya zube. Ruwan sanyaya mai launi yana ɗauke da sinadarai da ke sa lantarki ya iya ratsa shi, kuma ba ya saurin bushewa. Idan ya malala cikin soket ko kan altaneta, yakan haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba, daga bisani ya bar kore-koren tsatsa a kan tagulla.

Na huɗu shi ne fambel. A motoci da yawa bel guda ne ke juya famfon ruwa da altaneta. In bai ɗauru sosai ba, ko ruwa ya jiƙa shi, zai riƙa santsi, caji ya ragu. Idan fitilar batir ta kama a daidai lokacin da allurar zafi ke hawa, direba ya tsaya nan take, domin mai yiwuwa bel ɗin ya tsinke.

Na biyar kuwa ba laifin wuta ba ne, kama kawai yake yi da shi. Idan an zuba ruwa ba a fitar da iskar da ta maƙale ba, bakin sensa zai zauna cikin iska ko tururi maimakon ruwa. Sai allura ta riƙa tsalle, fanka ta ƙi kamawa a kan lokaci, inji kuwa yana dahuwa.

Yadda ake bincike

Mataki na farko tambaya ce: me da me aka kwance, kuma yaushe alamar ta fara? Na biyu dubawa da ido, inji a kashe kuma a sanyaye. A bi kowane soket da ke kewayen wurin aikin, a nemi wayar da ke reto ko wadda ƙarfe ya danne, a duba fis. Fis ɗin da ya sake ƙonewa bayan an canza shi shaida ce cewa waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Kada a naɗa masa waya ko a sa wanda ya fi shi girma, domin ta haka gobara ke tashi.

Mataki na uku awo ne da mita. Cikakken batir yakan nuna kimanin bolt 12.6 idan inji na kashe, sannan tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Domin gwada wayar komawa, a ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na ɓangaren ragi, ɗaya a jikin inji, wani ya murza makulli. In mita ta nuna fiye da rabin bolt, akwai turjiya a hanya. Domin gwada sensa, a auna turjiyarta da sanyi, a sake aunawa da zafi, a ga ko ta sauko. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 suna da wata kafa da ake jona na'urar bincike. Lambar P0118, alal misali, tana nuni ga yankewar hanyar sensar zafin ruwa. Sai dai lambar hanya take nunawa, ba ta ce sensar ce ta mutu ba.

Ƙa'ida mafi muhimmanci ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada. Wanda ya canza uku a tare, ko da mota ta gyaru, bai san abin da ya warkar da ita ba.

Gyaran da ke ƙara ciwo

Akwai al'adar da ta yaɗu a garejojinmu ta cire tamostat a jefar, a kuma haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu tana da zafi. Wannan ɓoye cuta ne. Injin da bai kai zafin aikinsa ba yana shan mai fiye da kima kuma yana saurin cinyewa, fankar da ba ta hutawa kuma tana gajiyar da altaneta da batir.

Kariya

Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Matsin da ke ciki yana ɗaga mizanin tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120, yana iya feshowa ya ƙona fuska. Fankar lantarki tana iya tashi ko da an kashe inji, saboda haka a cire kan batir na ragi kafin a sa hannu kusa da ita. Ruwan sanyaya yana da ɗan zaƙi amma guba ne, a nisanta shi daga yara da dabbobi.

Ga malamai da ɗalibai

Ana iya gwada wannan darasi a ɗakin gwaje-gwaje. A samo tsohuwar sensa daga gareji, a tsoma bakinta cikin ruwan da ake ɗumamawa a hankali, a rubuta zafi da turjiya bayan kowane digiri 10, sannan a zana jadawali. Ɗalibin da ya ga layin nan yana gangarowa da idonsa zai fahimci abin da ke faruwa idan soket ya zare, kuma ranar da motar gidansu ta rikice bayan gyara, zai san tambayar da ya kamata a fara yi wa bakanike kafin a kashe kuɗi a kan sabon kaya.