Awon Hankali Domin Shari'a da Matsalar Harshe

Bahaushe yakan tara abubuwa da dama a cikin kalmar "hauka", amma shari'a ba ta gamsuwa da wannan jimla. Sashe na 51 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya ɗauke laifi ga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa, ko sanin cewa laifi ne. Tushen wannan ƙa'ida shari'ar M'Naghten ce, wadda aka yi a Ingila a 1843.

To, yaya alƙali zai gane? A nan ne ake neman masana, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, maƙwabciyar Narayi a kudancin Kaduna. Daga cikin masanan wannan fage akwai wanda aikinsa shi ne auna yadda ciwo ko rauni a ƙwaƙwalwa ya shafi tunani da ɗabi'a. Ba ya ba da magani. Gwaji yake yi: ya karanto lambobi a maimaita masa daga ƙarshe zuwa farko, ya ba da kalmomi a riƙe, sa'an nan ya tambaye su bayan an jima. Yana kuma da dabarun gano mai haukan ƙarya, domin irinsa yakan faɗi gwaji mai sauƙin da ko majinyaci na gaske yake ci. Rahoto kurum yake rubutawa, hukunci kuwa na alƙali ne.

Inda abin ya shafe mu, mu ɗaliban harshe, shi ne yawancin gwaje-gwajen nan da Ingilishi aka tsara su. Alal misali, akan ce mutum ya jero kalmomi masu farawa da "f" cikin minti ɗaya. Basakkwace da ke cewa "hwara" da "hita", ina zai samo su? Akan kuma ba da karin magana a ce a fassara, wanda ya tsaya ga ma'anar zahiri sai a yi zargin rauni a goshin ƙwaƙwalwarsa. Amma Narayi unguwa ce ta masu harsuna daban-daban, da yawansu a kasuwa da makaranta suka koyi Hausa. Mutum yana iya yin ciniki da ita sarai, amma a ce masa "iska na wahalar da mai kayan kara" ya yi shiru, alhali lafiyarsa lau. A ganina, wajibi ne rahoton da za a miƙa wa kotu ya bayyana harshen da aka yi gwajin da shi, da wanda ya yi tafinta, da harshen da wanda ake tuhuma ya tashi da shi.