Matsalar Amfani da "On the Contrary" a Rubutun Ɗalibai Hausawa

Manufar wannan takarda ita ce jawo hankalin malamai ga wani mahaɗi na Ingilishi wanda ɗalibanmu kan saka a inda ba muhallinsa ba, watau "on the contrary". Duk malamin da ya duba kundayen ɗaliban ajin ƙarshe a kwalejin ilimi ya sha cin karo da jimla irin wannan:

1. Hausa is a tone language. On the contrary, Fulfulde is not.

Bayanin da ke ciki gaskiya ne, domin Hausa tana da karin sauti, Fulatanci kuwa ba shi da shi. Mahaɗin ne ya ɓata zancen, saboda aikinsa ƙaryata magana ne, ba kwatanta abubuwa biyu ba. Wanda ya ƙware a harshen, in ya karanta wannan, sai ya zaci marubucin zai janye abin da ya faɗa game da Hausa. Abin da ya dace a nan shi ne "by contrast", ko kuma a haɗe jimlolin biyu da "whereas". A dubi misali na biyu:

2. Hausa writing did not begin with the British. On the contrary, Nana Asma'u was composing verse in Ajami long before 1903.

A nan batun guda ɗaya ne tak, watau mafarin rubutun Hausa. An kore wata da'awa a sashen farko, sa'an nan aka kawo hujjar da ta tabbatar da kishiyarta. Shi ya sa galibi akan sami korewa a gaban wannan mahaɗi, ko kuwa ra'ayin wani da marubuci ke shirin rushewa.

A ganina, asalin matsalar daga aji take. Mukan fassara wa ɗalibi mahaɗin da "akasin haka", alhali wannan fassara tana ɗaukar ma'anoni biyun duka. Ga shi kuma Bahaushe da 'yar kalmar "kuwa" yake yin kwatanci, to da ɗalibi ya koma Ingilishi sai ya nemi wadda ta fi nauyi a baki, don a ce ya iya Turanci. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a maye gurbin mahaɗin da "ko kusa, asali ma". Misali na 2 ya karɓa, na 1 bai karɓa ba.

Ɓarnar ta fi muni a babin bitar ayyukan magabata. Ɗalibi ya kawo ra'ayin wani masani a kan waƙar baka, ya sa "on the contrary", ya biyo da na wani a kan rubutacciyar waƙa. Ke nan ya ƙulla jayayya tsakanin mutum biyu da ba su taɓa saɓa wa juna ba, kuma mai jarrabawa na waje yana da damar ya nemi a nuna masa shafin da aka yi jayayyar.