Mai Waya a Fagen Daga

A shekarar 1944, Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda Hausawa da dama ke cikinta, ta kutsa kwarin Kaladan a ƙasar Bama domin yaƙar Japan. Babu hanyar mota ta kirki. Abinci da harsashi da magani duk jirgin sama ke sako musu da laima, kuma matuƙi ba ya sanin inda zai saki kaya sai an aika masa saƙo.

Nan aikin mai waya yake. A ka ake ɗaukar na'urar da baturanta, ana ratsa dazuka da duwatsu. Idan wuta ta buɗe, kowa ya nemi mafaka, shi kuwa dole ya zauna bakin na'ura har saƙo ya isa. Kuskuren lamba ɗaya na iya jefa abincin ɗaruruwan mutane hannun abokan gāba. Jaruntakarsa ita ce riƙon amana a lokacin tsoro.

A wannan shekara kuma, sojojin Dahomey da Nijar na cikin waɗanda suka sauka kudancin Faransa a watan Agusta. Iyalan Malanville, ku adana takardu da lambobin yabon kakanninku, ku ba yara labarinsu. Allah Ya jiƙan magabata, amin.