Yadda Gwamnatin Ingila Ta Tsare Aikin Mutanenta A Lokacin Annoba

A cikin watan Maris na 2020, sa'ad da cutar korona ta game duniya, hukumomi suka umurci jama'a su zauna a gida. Aka rufe kantuna da masana'antu da makarantu. Sai wata matsala ta taso wadda likita ba shi da maganinta, watau mutumin da aka hana shi fita aiki, wa zai ciyar da iyalinsa?

Gwamnatin Ingila ta yanke shawararta ran 20 ga Maris. Ministan Kuɗi, Mista Rishi Sunak, ya roƙi masu kamfanoni kada su sallami ma'aikatansu. Su bar su a gida, sunayensu na nan cikin littafin albashi, ita kuwa Gwamnati za ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin kowa, muddin bai wuce fam 2,500 a wata ba. Daga baya an rage rabon Gwamnati, aka sa masu kamfanoni su cika, amma shirin bai tsaya ba sai ƙarshen Satumba na 2021. Guraben aiki fiye da miliyan 11 suka ci moriyarsa, ya kuma ci kuɗi wajen fam miliyan dubu 70.

Amurka ta fi karkata ga wata hanya dabam. Aka sallami mutane, sa'an nan aka ƙara musu dala 600 a mako bisa kuɗin rashin aiki. Cikin Afrilu kaɗai fiye da mutum miliyan 20 suka rasa aikinsu, marasa aiki suka haura 14 cikin 100. A Ingila kuwa da kyar suka wuce 5.

To, me ya sa Ingila ta iya biyan jama'a masu yawa haka cikin 'yan makonni? Arziki ya taimaka, amma littafi ne ya yi aikin. Tun 1944 ake cire haraji daga albashi kafin ya kai hannun mai shi, saboda haka ofishin haraji ya san sunan kowane ma'aikaci, da inda yake aiki, da abin da yake ɗauka. Wanda ya sake aiki, sunansa bai kai ofishin ba kafin ran 19 ga Maris, sai ya tashi hannu banza a karon farko, alhali kuwa yana da bukata kamar kowa.

Mu ma annobar ba ta ƙyale mu ba. Gwamnatin Tarayya ta shirya ɗaukar mutum 774,000, watau 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, su yi aikin yashe magudanai da gyaran hanyoyi, a biya su naira 20,000 a wata har wata uku. Da yake babu littafin marasa aiki da za a buɗe, sai gardama ta kaure tsakanin Majalisa da Ma'aikatar Ƙwadago kan wanda zai zaɓi mutanen, aikin bai fara ba sai Janairu na 2021. Mu da muke cikin aikin ilmi mun gani da idonmu: malamin Gwamnati ya karɓi albashinsa makaranta tana rufe, ɗan'uwansa na makarantar kuɗi kuwa sau da yawa ya yi watanni bai ga ko anini ba.

Saboda haka muna jan hankalin akawuna da malamai, kada su raina rajistar da ke gabansu. Sunan da aka rubuta daidai yau, shi ne za a kira ran da wahala ta zo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan annoba, amin.