Ko Kun Sani? Silba Ma Kan Yi Tsatsa

Cokula da kwanukan silba da ake jera wa amare a Birnin Kudu da Gwaram, da almakashin tiyata a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, duk asalinsu ƙarfe ne. Abin da ke kare su shi ne sinadarin kuromiyam, wanda ake haɗawa aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Idan ya haɗu da iskar oksijin, sai ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ke hana ruwa cin ƙarfen. Ko an karce ta, takan sake haɗuwa da kanta muddin akwai iska. Harry Brearley ne ya samar da irin wannan ƙarfe a Sheffield ta Ingila a 1913.

Amma gishiri da bilic suna huda wannan fata, sai tsatsa ta fito ɗigo-ɗigo. Soson ƙarfe kuma yakan bar ɓurɓushinsa, ya yi tsatsa a jikin kwano. Don haka kada miya mai gishiri ta kwana a ciki. A wanke da soso mai laushi, a ɗauraye, a goge ya bushe.