Kwaɗo a Kan Bindiga Ba Ya Zama Takardar Izini

A ƙarshen watan Yulin 2024, lokacin wasannin Olamfik na Faransa, wayoyin samari sun cika da hoton wani Baturke mai furfura, Yusuf Dikeç, yana tsaye hannu ɗaya a aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindiga. Shi da abokiyar wasansa suka ci lambar azurfa a harbin mita 10. A nan ne da yawa daga cikinmu suka fara sanin cewa harbin allo wasa ne mai alƙalai da maki da lambobin yabo. Wanda sha'awa ta ɗebe shi ya shiga intanet neman yadda ake sayen irin wannan bindigar, amsoshin Amurkawa da 'yan Kanada zai tarar, kuma kusan duk maganarsu ta kwaɗo ce: wane iri ake sa wa bindiga, a wane akwati ake ɗaukarta, ina ake ajiye makullin. Mai karatu a Zangon Kwatano, a Jamhuriyar Benin, zai iya ɗauka cewa da ya sayi kwaɗo ya gama da hukuma. Wannan fahimtar tana iya kai mutum gidan yari.

Gaskiya ne a can kwaɗo doka ce. Tun 2005 dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa mai shagon da ke da lasisi ya haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga da kwaɗonta ko abin kulle ta. A Kanada, mai zuwa filin harbi sai ya zare harsashi kaf, ya sa wa bindigar kwaɗo, ya sa ta a akwatin da ba a ganin cikinsa, ya kulle akwatin, kuma sai yana da izinin ɗaukarta zuwa inda zai je. A Faransa sai kana cikin kulob ɗin harbi, hukuma ta ba ka izini, kana da akwatin ƙarfe a gida, kuma a hanya dole bindigar ta zama ba ta harbuwa nan take, ko an kulle ta ko an cire mata wani sashe. Duk waɗannan sharuɗɗa ana gindaya su ne ga wanda tuni aka bincike shi aka yarda ya mallaka. Kwaɗon shi ne matakin ƙarshe.

Ko a can ɗin ma ƙofar sai ƙara tsukewa take yi. Bayan wani ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu da bindigogin da ya mallaka da lasisi, Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi a 1997, har 'yan wasanta suka riƙa fita waje yin atisaye. Kanada kuma ta dakatar da cinikinsu a Oktoban 2022, sai ga mutane ƙalilan irin 'yan wasan gasar duniya.

A Jamhuriyar Benin, doka mai lamba 2019-07 ta 14 ga Janairun 2020 ce ke tsara harkar makamai da harsasai. Ita ta gaji tsohon tsarin da aka yi tun 1961, ƙasar tana Dahomey. Shigo da bindiga, saye, ajiyewa, yawo da ita, duk sai da izinin hukuma, kuma ƙofar ita ce Ma'aikatar Cikin Gida da Tsaron Jama'a. Ba dillali ke ba da izinin ba, ba tiransita mai fito da kaya a bakin tashar jiragen ruwa ba, ba kuma wani “na san wani babba” ba. A tsarin dokokin ƙasashen Faransanci, izinin ajiyewa a gida daban, izinin ratayawa a jiki a fita daban. Don haka wanda ya samu takarda ya zauna ya karanta abin da ta ba shi dama, ko ya sa a karanta masa, kafin ya fita da bindiga ƙofar gida.

A saman wannan akwai yarjejeniyar CEDEAO, wato ECOWAS, kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta fara aiki a 2009. Sashe na 14 ya zayyana wanda ba za a ba lasisi ba: wanda shekarunsa ba su kai ba, wanda aka taɓa kama shi da babban laifi, wanda ba shi da ƙwaƙƙwaran dalili, wanda bai koyi sarrafa makami ba, da wanda bai nuna cewa zai adana bindigar a wuri mai tsaro ba, nesa da harsashinta. Ya kuma ce a jira aƙalla kwana 21 kafin a ba da izini. A ganina wannan jiran shi ne mafi hikima a sashen duka. Wanda ya nemi bindiga da zafin rikicin fili ko na bashi, kafin mako uku zuciya ta sauka, dattawa sun shiga tsakani.

To ga wanda ke da bindiga ta halal, ko ta wasa ko ta farauta, maganar kwaɗo ta fi nauyi a Zango fiye da a gidan Bature. Dubi yadda muke zaune. Gida ɗaya ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, 'ya'yan maigida da na 'yan haya da almajirai suna shiga suna fita, baƙo ya sauka daga Maraɗi ko Kano ya kwana ɗakin maigida don girmamawa. Inda ake ɓoye abu an san shi: ƙarƙashin katifa, saman durowa, ƙasan adaka a naɗe cikin tsohuwar babbar riga. Babu ɗaya da yaro ɗan shekara bakwai bai taɓa laluba ba ranar da uwarsa ta tafi kasuwar Dantokpa. Kuma yaron da ya saba da bindigar roba ta Sallah, abin da ya sani shi ne a nuna wa ƙani a ja kunama a yi dariya.

Kwaɗon bindiga iri biyu aka fi gani. Akwai na waya: igiyar ƙarfe ce mai rufin roba, ana buɗe bindigar a zura ta ta inda kwanson harsashi ke fita, ta ɓullo ta inda gidan harsashi ke shiga, a haɗa bakinta da kwaɗo. Muddin tana ciki, bindigar ba ta rufuwa, balle ta ɗauki harsashi. Akwai kuma na kunama, ɓari biyu da ke haɗuwa su rufe wurin da yatsa ke shiga. Wannan na biyun yana da haɗari idan aka sa shi a bindigar da ke da harsashi, domin wajen matsa shi yana iya taɓa kunamar. Abin da ke yawan yaudarar mutane shi ne, cire gidan harsashi bai nufin bindiga ta zama fanko. Ɗaya na iya zama a cikin bututun yana jira. Sai an ja an buɗe an duba da ido, bakinta yana kallon inda babu kowa. A gidan da bangonsa bulo ne siriri, ko katako da kwano, a tuna akwai mutum a bayan bangon.

Kwaɗo yana hana yaro, amma ba ya hana ɓarawo ɗaukar bindigar dungurungum ya je ya yanke wayar a natse. Shi ya sa ake son akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango ko ƙasa, harsashi kuma a wani wuri daban mai nasa makullin. Makulli ya zauna a jikin mai ita. Wanda ya rataye shi a ƙusa bayan ƙofa tare da na shago da na babur, ya huta da sayen kwaɗon. Iskar teku ta Kwatano kuma ba ta barin ƙarfe lafiya, kwaɗo mai arha kan ci tsatsa ya ƙi buɗuwa, don haka a riƙa dubawa ana ɗiga masa mai.

Kada kuma kalmar “ta wasa” ta ruɗi kowa. Ta mita 10 da iska take aiki, tana harba ɗan dalma mai faɗin milimita 4.5, kuma ya isa ya tsiyayar da ido. Ta mita 25 kuwa harsashin gaske take ci, ƙarami ne amma yana kisa.

Malamanmu sun sha karanta mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana nuna wa ɗan'uwa makami. Wanda ke cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya bar bindiga a ɗure ƙarƙashin matashi, bai ɗauki karatun ba.

Wajen ɗauka daga wuri zuwa wuri ne aka fi faɗawa hannu. Mai izini ya fita da ita babu harsashi, a kulle, cikin akwati, takardunsa na asali a jikinsa, ya tafi kai tsaye inda zai je ya dawo. Ba a tsayawa cin tuwo a bar ta a mota, ba a soke ta a ƙugu a hau zem, wato babur ɗin haya. Idan 'yan sandan Police républicaine, rundunar da aka haɗa daga 'yan sanda da jandarmomi a 2018, suka tsayar da kai, faɗa musu da baki kafin hannunka ya nufi akwatin. A jirgin sama kuma sai an sanar da kamfani tun kafin tafiya, bindigar ta shiga kayan ƙasa cikin akwati mai tauri a kulle, kuma ƙasar da za a sauka ta riga ta ba da nata izinin.

Takardar Benin iyakarta Benin. Daga Zango zuwa Seme tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce in hanya ta yi kyau, amma da ka taka ɓangaren Najeriya ka shiga ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1959. A dokar nan fistol yana cikin jerin haramtattun makamai, tare da bindigogin soja, ba mai ba da lasisinsa sai Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin riƙe shi ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Bindigar iska ma sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka kuma sai da na Kwamishina. Ta arewacin Benin abin ya fi zafi. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga ke kai hari a yankin dazukan Pendjari da W, sojoji na mutuwa, shingaye sun ƙaru daga Paraku zuwa Malanbil. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, tana kan dokarta. Jami'in da ya buɗe jaka a Kandi ya ga bindiga, ba wasannin Olamfik ne za su fara zo masa a rai ba.

Wannan ya kawo mu kan al'adar da muke alfahari da ita, wato saƙo. A tasha wani zai matso da kwali naɗe da salatif: “Alhaji, don Allah ga ɗan saƙo, yaro zai tare ka a Gaya.” Kunya ta hana ka tambaya. Ko wani ɗan'uwa a Turai ya cusa kaya cikin motar da ya turo, ya ce kada a taɓa sai mai shi ya zo. A Janairun 2017 kwastan na Najeriya sun kama bindigogi 661 a kwantena ɗaya a Legas, ɓoye cikin wasu kaya. Tun daga irin wannan ake wa kayan da suka fito tashar ruwa kallon tsanaki. A gaban alƙali, wanda aka samu kaya a hannunsa shi ke fara bayani. Amsar ba ta da wuya: “Malam, buɗe mu gani tare, sai in karɓa.” Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuma ya nemi wani.

Saura bindigar gado. Tsoho ya rasu, ana raba kaya aka ci karo da ita a ƙasan adaka, wataƙila har da takardarta da ta yi ja don tsufa. Izinin na mamacin ne, ba ya bin gado yadda gida da shago ke bi. Kada a gwada ko tana aiki, kada a ba babban ɗa ya ajiye, kada a sayar wa maƙwabci, kada kuma a jefa ta a tabkin Nokuwe inda masunta ke jan taru. A fitar da yara, a kulle ɗakin, mutum biyu su tafi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, mafi kusa hannu sake, in da hali tare da mai unguwa, su faɗi abin da aka gani. Jami'ai su za su zo su ɗauka ko su faɗi yadda za a kawo. A karɓi takardar shaidar miƙawa mai lambar bindigar da kwanan wata, a ajiye ta tare da takardun gadon.